Yaƙin Aljeriya: Faransa ce ta tara wa FLN mayaƙa

Daren 1 ga Nuwamba 1954, lokacin da FLN, ƙungiyar da ta ɗauki makami don ƙwatar 'yancin Aljeriya daga mulkin mallakar Faransa, ta kai hare-harenta na farko, yawancin mutanen Aljeriya ko sunanta ba su taɓa ji ba. Messali Hadj, tsohon jagoran masu neman 'yanci, aka sani, shi ma jam'iyyarsa ta MTLD ta riga ta dare gida biyu. Mutum shida suka kitsa boren, mayaƙansu kuwa galibi bindigogin farauta suke riƙe da su. Ba a cika wata biyar ba, a cikin shidan nan aka kashe Didouche Mourad, aka kama Mostefa Ben Boulaïd da Rabah Bitat. Rabin shugabannin ke nan.

A ganina, ba ƙarfin FLN ne ya raya wannan yaƙi ba, taurin kan Faransa ne. Tun zaɓen 1948 da Naegelen, gwamnan da Faransa ta naɗa wa Aljeriya, ya tafka maguɗi a ciki, aka nuna wa masu sassaucin ra'ayi cewa ƙuri'a ba za ta kai su ko'ina ba. Da wuta ta kama, sai gwamnatin Firaministan Faransa Mendès France ta ce Aljeriya ai Faransa ce, babu zancen sulhu. Wata shida kacal da shan kashin Faransa a Dien Bien Phu ta Vietnam, amma ba a ɗauki darasi ba.

Abin ya juya ne a garin Philippeville da kewayensa, 20 ga Agusta 1955. Zighoud Youcef, kwamandan FLN na yankin, ya tura mayaƙa da manoma ɗauke da adduna da gatura, aka kashe mutum 123, har da mata da yara. Wannan ta'asa ce, ba na wanke ta. Sai dai ramuwar Faransa ta wuce hankali: an tattara mutane a filin ƙwallon garin aka harbe su. Faransa ta ce 1,273 ta kashe, FLN ta ce 12,000. Kowace ƙididdiga ka ɗauka, saurayin da ya binne ubansa a wancan makon ba sai an yi masa wa'azin shiga daji ba.

Sauran ƙofar siyasa kuma Turawan da ke zaune a ƙasar suka rufe ta. A Fabrairun 1956 suka yi wa Firaminista Guy Mollet ruwan tumatir a Aljas, babban birnin Aljeriya, ya janye mutumin da ya naɗa ya mulki ƙasar, ya koma ya nemi iko na musamman ga sojoji. Watan Afrilu sai ga Ferhat Abbas, mai sayar da magani da ya shekara ashirin yana roƙon daidaito cikin lalama, a Alƙahira ya bi FLN.

Ita ma FLN tana da nata tabon. A taron da FLN ta yi a kwarin Soummam a Agustan 1956, Abane Ramdane, ɗaya daga cikin shugabanninta, ya sa aka amince 'yan siyasa su kasance gaba da masu bindiga. Kanar-kanar ɗin da ke jagorantar mayaƙan ba su yafe masa ba. A Disambar 1957 suka yaudare shi zuwa Maroko suka shaƙe shi, jaridarsu kuma ta buga cewa a fagen fama ya yi shahada.