Kwaɗon rake a kan teburin fiɗa: ya dace, amma kada a mai da shi kasuwa

A watan Janairun 2023, ma'aikatan gandun dajin Conway da ke jihar Kwinsland a Ostireliya suka ci karo da wani kwaɗo da nauyinsa ya kai kilo 2.7. Suka laƙaba masa suna Toadzilla, hotonsa ya zaga duniya, daga nan aka kashe shi aka ware gawarsa domin gidan adana kayan tarihi na jihar. Mutane da yawa a wasu ƙasashe sun ji haushi, suna tambayar laifin da ya yi. Su kuwa mutanen Kwinsland ko a jikinsu, domin sun san irin ɓarnar da danginsa suka shafe kusan shekara casa'in suna yi musu.

Asalin wannan kwaɗo, wato kwaɗon rake, wanda masana ke kira Rhinella marina, yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. A 1935 hukumar binciken noman rake ta Kwinsland ta aika ma'aikacinta Reginald Mungomery zuwa tsibiran Hawayi, inda aka riga aka kai irinsa, ya kwaso guda 102, aka hayayyafa su a Gordonvale kusa da birnin Cairns, aka sake su cikin gonaki domin su cinye ƙwaron da tsutsarsa ke cin saiwar rake. Wani masanin ƙwari mai suna Walter Froggatt ya yi kashedi tun a lokacin, har aka dakatar da sakin na ɗan lokaci, amma masu rake suka fi shi baki. Abin da ba a lissafa ba shi ne ƙwaron yana can saman kara, tsutsarsa tana cikin ƙasa, kwaɗo kuwa ba ya hawa, ba ya kuma tono ya kai inda take. Sai ya bar ƙwaron ya kama cin duk abin da bakinsa zai iya haɗiyewa. An yi gudun gara an faɗa wa zago. Yau ana ƙiyasin sun haura miliyan 200, sun shiga gandun dajin Kakadu da ke arewacin ƙasar a 2001, sun tsallaka cikin jihar Ostireliya ta Yamma a 2009. A bayan idanunsu akwai wasu kumburi biyu cike da farin dafi mai tsayar da zuciya, kuma shi ya yi ta kashe guza da macizai da kadojin ruwan daɗi da karnukan gida da wata 'yar dabba mai farauta da ake kira quoll.

Ra'ayina shi ne, idan har za a feɗe wata dabba a aji domin koyar da ilimin halittu, to a ƙasar da wannan kwaɗo ya zama annoba babu wadda ta fi shi cancanta. Ana tara su dama, ana kashe su dama. Ƙungiyoyin sa-kai suna fita da tocila da bokiti da daddare suna kwasar su. Abin da ya rage kawai shi ne a binne gawar ko a amfana da ita.

Sai dai kafin nan, shin fiɗar ma tana da wani amfani a zamanin da yaro zai buɗe kwamfuta ya ga cikin kwaɗo da launi, ya juya shi yadda ya so? Ni ina ganin tana da shi, kuma na san haka ne ta hanyar rashi. A makarantar sakandaren da na yi, akwai kwaɗo guda ɗaya cikin kwalba a saman kanta, ruwan ya yi ja-ja-ja, ba a taɓa buɗe ta ba. Malam ya zana mana a allo, muka kwafa, muka haddace, muka ci jarrabawa. Sai bayan shekaru da na tsaya kusa da wani yana fiɗar gaske na gane zanen nan ya ruɗe mu. A allo kowace gaɓa tana zaune ita kaɗai da kibiya da sunanta. A cikin dabbar kuwa hanta ta mamaye gaba ta rufe rabin abin da kake nema, matsarmama tana ɓoye a ƙarƙashinta kamar ƙwayar wake, huhu ya saɓe ya lafe a gefe, idan mace ce mai ƙwai sai ka kwashe tarin ƙwan kafin ka ga ƙoda. Ka buɗe guda biyu, ba za ka same su iri ɗaya ba. Wanda zai zama likita ko likitan dabbobi gara ya fara sanin haka tun yana ɗan shekara sha shida. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi su duka.

Kwaɗon rake kuma ya dace da hannun ɗan koyo saboda girmansa. Babba yakan kai santimita 10 zuwa 15, don haka zuciyarsa mai ɗakuna uku tana ganuwa ba tare da madubin ƙara girma ba. Masu shirya shi domin makarantu sukan jiƙa shi da sinadarin fomalin don kada ya ruɓe, wasu har su ɗura wani ruwan roba cikin jijiyoyin jini, ja a waɗanda ke fita daga zuciya, shuɗi a waɗanda ke komawa. Akwai ma wata 'yar gaɓa a gaban 'ya'yan marainan namiji, wadda ake kira gaɓar Bidder, da ke ɗauke da ƙwayayen da ba su nuna ba irin na mace. Malamin da ya san aikinsa zai iya cinye darasi guda a kanta.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta wanda ke biyan kuɗin darasin da ransa. Binciken da aka fitar a 2023 kan halin da dangin kwaɗi ke ciki a duniya ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na nau'o'insu suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da kowane rukuni na dabbobi masu ƙashin baya. A shekarun baya, makarantu a ƙasashe da dama daga fadama da tafki ake kamo musu kwaɗin fiɗa. Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa waje a 1987, sannan a 2014 hukumar jami'o'inta ta hana fiɗar dabbobi a darussan ilimin halittu, kuma raguwar dabbobin na cikin dalilan. Ostireliya tana da mafitar da Indiya ba ta da ita: duk kwaɗon rake da ya hau teburin aji ya fanshi ran wani kwaɗon gida da ƙasar ke ƙoƙarin ceto.

A fagen bincike ma ba baƙo ba ne. Tun a shekarun 1950 wani likita mai suna Alexander Leaf a birnin Boston na Amurka ya yi amfani da mafitsarar wannan kwaɗo wajen gano yadda gishiri da ruwa ke ratsa fatar gaɓoɓi, aikin da ya taimaka aka fahimci ƙodar ɗan Adam. An kuma yi zamanin da ake gwajin ciki da shi, a yi wa namijin kwaɗon allurar fitsarin matar a duba. Amma misalin da ya fi burge ni na kwalba ne. A 2004 wasu masana a Ostireliya, Ben Phillips da Rick Shine, suka bi macizan da aka adana a gidajen tarihi tsawon shekaru masu yawa suna auna su, suka gano cewa a yankunan da kwaɗon ya daɗe, wasu nau'o'in macizai biyu kawunansu sun ƙanƙance idan aka gwada da jikinsu. Dalili a fili yake: mai babban baki ya haɗiyi babban kwaɗo ya mutu, mai ƙaramin baki ya rayu ya haihu. Waɗanda suka zuba macizan nan a kwalba ba su san tambayar da za a yi musu ba, sun dai rubuta wuri da rana. Bayan shekara biyu masanan suka nuna cewa kwaɗin da ke sahun gaba na mamayar sun fi na baya tsawon ƙafa, kuma tafiyar da a farko ba ta wuce kilomita 10 a shekara ba ta kai wajen 50.

Mai karatu Musulmi zai tuna da hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Ban ɗauki wannan da wasa ba, kuma hukuncin yadda za a haɗa shi da ƙa'idar kawar da cuta na malamai ne. Abin da zan iya cewa shi ne akwai tazara tsakanin mutumin da ya je tafki ya kamo kwaɗon da bai yi wa kowa komai ba domin darasi, da wanda ya karɓi gawar da aka riga aka kashe don kare wasu halittu. Sannan hadisin Shaddad bin Aus da ke cikin Muslim, wanda ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har a wajen kisa, ya shafi wannan kai tsaye. A Kwinsland an daɗe ana wasa da kisan kwaɗin nan, a buge su da sandar golf ko a fesa musu Dettol su mutu cikin azaba. Ƙiyayyar da ake yi wa dabbar ta sa wasu suna ganin komai ya halatta, alhali ba shi ya sayi tikitin jirgi ya kawo kansa ba. Hanyar da aka fi yarda da ita yanzu ita ce a sa shi cikin firji har sanyi ya sumar da shi, sannan a mayar da shi firiza. A 2015 Shine da abokan aikinsa sun auna aikin ƙwaƙwalwar kwaɗin a wannan hali ba su ga alamar jin zafi ba. Makarantar da za ta sayi gawa tana da haƙƙin tambayar yadda aka kashe ta, kuma ɗalibai su ji amsar.

Inda na raba gari da masu goyon bayan abin shi ne da'awar cewa fiɗa a makarantu za ta rage yawan kwaɗin. Mace ɗaya takan zuba ƙwai daga 8,000 zuwa 30,000 a lokaci guda. Ko duk ɗaliban ƙasar za su feɗe ɗaya-ɗaya kowace shekara, mata kaɗan za su cike gurbin a damina ɗaya. Abubuwan da ke nuna alamar tasiri na dabam ne, irin tarkon da masu bincike a Jami'ar Kwinsland suka ƙirƙiro, wanda ke jawo 'ya'yan kwaɗin da ke cikin ruwa da ƙanshin da aka tatsa daga dafin manyan, ko koya wa quoll da guza ƙyamar naman ta hanyar ba su ɗan abin da zai tayar musu da zuciya bai kashe su ba. Ka lura, tarkon nan ma da gawar kwaɗo ake yin sa.

Abin da nake tsoro kuma shi ne kasuwa. Da zarar abu ya yi kuɗi, za a sami wanda ba ya son ya ƙare. A birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam a 1902 Faransawa 'yan mulkin mallaka sun sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera, sai aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari, wasu mutane ma suka koma kiwon su. Idan kamfanonin kayan makaranta suka ga ya fi sauƙi su yi kiwon kwaɗon a kan su bi daji da tocila, hujjar da na kafa a sama ta rushe gaba ɗaya. Mafi muni shi ne fitar da shi da rai zuwa wata ƙasa mai zafi da damina. Mu da ke da gonakin rake da fadamu, kuma kwaɗo na cikin abin da ɗalibanmu ke karantawa don jarrabawar WAEC, bai kamata wani ya taɓa kawo mana shi yana numfashi ba, ko da sunan bincike ne. Idan za a shigo da shi, ya zo a mace cikin leda.

Ita gawar ma tana da sharuɗɗanta. Dafin ba ya mutuwa da mutuwar kwaɗon, busasshen da mota ta take a titi ma yana iya kashe kare, don haka safar hannu da tabarau dole ne, kuma kada a bar yaro ya matsa kumburin nan na bayan ido. Fomalin kuwa, tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Sai a ɗauraye gawar sosai, a buɗe tagogi, kada a yi aikin a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Fomalin yana kuma lalata ƙwayoyin gado, saboda haka wanda ke adanawa don bincike ya yanki ɗan nama ya ajiye dabam cikin sinadarin etanol ko a firiza, ya rubuta inda aka kama shi da ranar a takardar da ruwa ba ya gogewa, ya jefa ta cikin kwalbar tare da shi.