Ya kamata rabon kwamfuta a makarantu ya fara daga ƙauye

Tun 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta. A 2024 WAEC ta fara bin wannan hanya da ɗalibai masu zana jarrabawa don kansu, a 2025 kuma ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta baki ɗaya. Tambayoyi 180 cikin awa 2 JAMB ke ɗora wa kowa, ko ɗan Tarauni ne ko 'yar Doguwa. Sai dai ɗan birni ya saba da na'urar tun yana ƙarami, 'yar ƙauye kuwa wataƙila ranar jarrabawar ce za ta fara taɓa ta, hannu na rawa, lokaci na tafiya. JAMB ma ta san da matsalar, shi ya sa ta tsara yadda za a iya amsa tambayoyi da maɓallai 8 kacal. Wannan sassauci ne, amma ba ya cire fargabar wanda bai taɓa zama gaban allon ba.

Matsayina shi ne, tunda gwamnati ce ta wajabta jarrabawar, haƙƙi ne a kanta kowane ɗalibi ya samu horo kafin ranar, kuma rabon kayan ya fara daga makarantun da suka fi nisa da birni.

Dalilan da ke sa kwamfutoci taruwa a birni sanannu ne. A can akwai wutar lantarki, akwai katanga da maigadi, titi ya kai, kuma nan ne ya fi sauƙin tara 'yan jarida ranar yanke ƙyalle. Jami'in da ya zaɓi irin wannan makaranta ba lalle mugu ba ne, yana gudun asara ne. Amma idan kullum haka ake zaɓa, mai shi ake ƙara wa, marar shi ya ci gaba da jira. Hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, UBEC, ta tsara makarantun zamani 37, ɗaya a kowace jiha da Abuja. Abin a yaba ne, to amma ina makaranta ɗaya za ta kai a jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44?

Ƙasar Uruguay ta bi ta wata hanyar. Da ta ƙaddamar da shirin Ceibal a 2007, na ba kowane ɗan firamare kwamfuta, a wani ɗan gari mai suna Cardal ta fara, ta bi sauran yankuna, sannan babban birnin Montevideo ya samu nasa a 2009. Peru kuwa ta raba ɗaruruwan dubban kwamfutoci, amma binciken Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya nuna sakamakon yara a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Na'urar da aka sauke babu malamin da ya iya ta, babu shiri a manhaja, ba ta koyar da kowa.

Mu ma mun san irin ɗakin kwamfutar nan: a kulle da kwaɗo, an lulluɓe kwamfutoci da leda, shugaban makaranta na tsoron kada ɗaya ta lalace a ce ya biya. A takarda makarantar tana da kayan aiki, a zahiri ɗalibanta ba su da komai. Don haka ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, su daina ƙirga yawan na'urorin da aka saya, su riƙa tambayar awa nawa kowane ɗalibi ya yi yana aiki da su a mako. Duk kwangilar kwamfuta ta zo da sola da batir, da kuɗin gyara na shekaru, da malamin da aka horar aka kuma ba shi alawus ɗin zama a ƙauye. Atisayen jarrabawa ba ya buƙatar intanet, ana iya loda tambayoyin a na'urar. Inda kuɗi bai kai ba, a haɗa makarantu maƙwabta a cibiya ɗaya, kwamitin kula da makaranta na gari ya riƙe amanar tsaronta. Darasin kuma ya shiga jadawalin safe, domin idan aka bar shi sai an tashi, 'yan mata da yawa aikin gida zai hana su.

Wani zai ce makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufi na yoyo, me za ta yi da kwamfuta? Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi wasa da wannan ba. Amma yaran da ke zaune a ƙasan nan su ne za a kira cibiyar jarrabawa baɗi. Idan gwamnati ba za ta iya kai musu na'urar ba tukuna, to ta jinkirta tilasta musu zana WAEC da NECO a kanta, ta kuma fito da jerin makarantun da suka samu da waɗanda ba su samu ba, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, iyaye su gani da idonsu.