Masu cewa an ɓoye maganin kansar ƙwaƙwalwa, ku ji tsoron Allah

Tun jiya bidiyon wani mutum da ke magana kan maganin kansar ƙwaƙwalwa ya hana ni sukuni.  Wai masu bincike sun haɗa baki suna cin kuɗi, shi ya sa za ka ga takardar bincike guda ɗauke da sunayen mutum ɗari, magani kuma yana hannunsu sun ɓoye. Wannan ƙarya ce, kuma zalunci ne ga iyalan da ke jinya.

Ni na yi jinyar mai glioblastoma, wani mugun nau'in kansar ƙwaƙwalwa, yayana. Ranar da muka gane akwai matsala, makullin mota ne a hannunsa, yana ta juya shi, ya kasa tuna sunan abin. Aka yi tiyata, likita ya ce ya cire duk abin da ido ya iya gani. Ba a yi shekara ba ƙarin ya dawo a gefen inda aka yanka. Haka cutar take, tana yin saiwa cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, inda wuƙa ba ta isa ta bi ta ba. Ga kuma shingen da Allah ya yi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke tare yawancin magunguna.

To ku saurara: cutar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Yawan sunayen da mai bidiyon yake wa dariya, shi ne aikin. A 2008 shirin TCGA na Amurka, mai nazarin ƙwayoyin gadon kansa, ya fitar da sakamakonsa na farko, kuma da glioblastoma ya fara, da samfurin ƙari na marasa lafiya 206 da aka tattaro daga cibiyoyi daban-daban. Wane asibiti ne zai yi wannan shi kaɗai? Sai da likitan tiyata ya ciro naman, masanin ƙwayoyin gado ya karanta shi, masana lissafi da kwamfuta suka tace bayanan, sannan aka ga cewa manyan hanyoyi uku masu sarrafa girman ƙwayoyin jiki ne ke lalacewa a cikin ƙwayoyin ƙarin. A 2014 kuma aka duba ƙwayoyi 430 ɗaya bayan ɗaya daga ƙari biyar, aka tarar a cikin ƙari guda ma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Magani ya kashe wasu, waɗanda suka tsira su hayayyafa. Wannan shi ya dawo wa yayana. Dole a kalli ƙwayoyin gado da sunadarai da garkuwar jiki gaba ɗaya, a ga yadda suke cuɗanya, kuma babu ƙwaƙwalwar mutum guda da za ta ɗauki wannan.

Na san za a ce, to ina maganin? Tun 2005 da likita Roger Stupp da abokan aikinsa suka haɗa gashin ƙari da haske (radiotherapy) da maganin temozolomide, matsakaicin rayuwar majinyaci bai wuce kusan wata 15 ba. Gaskiya ne, kuma ya fi ci mini rai fiye da mai bidiyon. Amma jinkiri ba ɓoyewa ba ne. Cutar nan ta kashe sanatan Amurka Ted Kennedy a 2009, ta kashe ɗan Joe Biden, Beau, a 2015 lokacin ubansa yana mataimakin shugaban ƙasa, ta kashe Sanata John McCain a 2018. Su ma an ɓoye musu ne? Haba.

Kuma aikin yana haifar da abu. A 2008 aka gano sauyin ƙwayar gado ta IDH1, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masu wannan sauyin daga jerin glioblastoma, a 2024 Amurka ta amince da maganin vorasidenib ga masu irin wannan ƙari mai tafiya a hankali. Shekara 16, hannaye da yawa.

Wani abu da ke raina: kowane samfuri cikin 206 ɗin nan, mutum ne ya yarda a ɗauki naman kansa a yi bincike. Da yawansu ba su rayu sun ga sakamakon ba. Matar yayana har yau tana ajiye da hotunan ƙwaƙwalwarsa a cikin ambulan, ta ce ko wata rana wani mai bincike zai buƙace su. Allah ya jiƙanka, Yaya.