Sarki ya hau gado, ina mubaya'arka?

Salama a gare ku, 'yan'uwana cikin Almasihu.

Wanda ya tashi a ƙasar Gombe ba sai an zaunar da shi an koya masa mene ne sarauta ba. In ka taɓa tsayawa kusa da fada ranar hawan Sallah, ka ga komai da idonka: kakaki na tashi, dogarai na buɗe hanya, laima na juyawa bisa kan sarki, mahaya na zuwa a guje su ja linzami su ɗaga hannu. Sai ka ga dattijo mai furfura, wanda a gidansa ba mai ɗaga masa murya, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa yana cewa, "Allah ya ja zamaninka." Haka ake yi a Billiri gaban Mai Tangale, haka a Kaltungo. Mun kuma san in an naɗa sabon sarki, hakimai da dagatai da masu unguwanni sukan zo ɗaya bayan ɗaya su yi mubaya'a. Ma'anarta a fili take: daga yau maganarka ce a sama, tawa a ƙasa.

To ran Lahadi muna cika majami'a muna kiran Yesu Sarkin sarakuna, da ganga da tafi. Ina so mu tambayi kanmu ko mun san nauyin abin da bakinmu yake faɗi.

Ita kalmar Almasihu ma kalmar sarauta ce. Asalinta Ibrananci ne, tana nufin shafaffe, wanda aka zuba wa mai a ka, kuma da Helenanci ita ce ta zama Kiristi. A Isra'ila ba rawani ake naɗa wa sarki ba, mai ake shafa masa. Haka annabi Sama'ila ya ɗauki ƙahon mai ya tafi Baitalami, ya tsallake manyan 'ya'yan Yesse, ya sa aka kirawo auta daga wurin kiwo (1 Sama'ila 16). Dawuda ke nan, wanda ya yi shekara 40 yana mulki. Shi ne Allah ya aiko wa annabi Natan da alkawarin da ke cikin 2 Sama'ila 7, cewa gidansa da gadon sarautarsa za su tabbata har abada.

Har abada fa aka ce. Amma dubi yadda abin ya tafi. Bayan Sulemanu ƙasa ta rabu biyu. Sarakuna suka yi ta zuwa suna wucewa, masu tsoron Allah kaɗan, masu bin gumaka da yawa. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka rushe Urushalima. Sarki na ƙarshe, Zadakiya, an yanka 'ya'yansa a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu aka tafi da shi a ɗaure. Daga nan kusan shekara 600 babu jikan Dawuda ko ɗaya a kan gado. Farisawa suka yi nasu zamani, Helenawa suka yi, Romawa suka zo suka ɗora Hirudus, wanda ba shi da alaƙa da gidan Dawuda ko ta kusa ko ta nesa. In da mu ne, da tuni mun ce maganar ta bi ruwa.

A nan ne nake son annabi Ishaya. A sura 11 ya ce toho zai fito daga kututturen Yesse. Manomi ya fi kowa gane wannan. Ka sare itace a gona lokacin sharar rani, ka bar kututture baƙi ƙirin kamar ya mutu. Ruwan farko na sauka sai ka ga ɗan kore ya leƙo ta gefe. Saiwar tana nan a ƙasa, kai ne ba ka gani. Ishaya ya ce mulki zai zauna a kafaɗar wani ɗa da za a haifa (9:6-7). Mika ya faɗi garin, Baitalami. Zakariya ya faɗi abin hawansa, ɗan jaki. Daniyel ya hango shi ana ba shi mulkin da ba ya shuɗewa, dukan al'ummai da harsuna suna yi masa hidima. Da mala'ika Jibra'ilu ya zo wurin Maryamu, tsohon alkawarin nan ya ɗauko: Ubangiji Allah zai ba shi gadon sarautar kakansa Dawuda, mulkinsa kuwa ba shi da iyaka (Luka 1:32-33).

Sai dai da ya zo, mutane suka so su naɗa shi bisa ga son ransu. Ranar da ya ciyar da mutum 5,000, Yahaya 6:15 ta ce sun yi shirin kama shi su mai da shi sarki ƙarfi da yaji, shi kuwa ya bar su ya hau dutse shi kaɗai. Sarkin tuwo suke nema. Kada mu yi musu dariya, don addu'o'inmu da yawa ba su wuce nan ba: buɗi, aiki, kuɗin makaranta, warkarwa. Ba laifi ba ne roƙon waɗannan, shi ya ce mu roƙa. Laifin shi ne mu ɗauke shi kamar ɗan siyasa a lokacin zaɓe, mai raba shinkafa da atamfa, wanda muke yi wa kirari muddin buhu na zuwa.

Naɗinsa na gaske ba irin wanda muka saba gani ba ne. Kambinsa na ƙaya ne, alkyabbarsa sojoji ne suka yafa masa don ba'a, sandar girmansa kara. Takardar naɗin kuwa Bilatus, gwamnan Romawa, ne ya rubuta ta, "Sarkin Yahudawa," ya kafa bisa gicciye cikin harsuna uku, da aka ce ya gyara ya ce abin da ya rubuta ya rubuta. Shi Yesu ya riga ya gaya masa cewa mulkinsa ba na duniyan nan ba ne, da na duniya ne da barorinsa sun yi yaƙi (Yahaya 18:36). Matasanmu, ku riƙe wannan aya da kyau. Duk wanda ya zuga ka ka ɗauki makami ko ka zagi maƙwabcinka Musulmi a Facebook wai kana kare Yesu, ba daga wannan fada aka aiko shi ba. Kuma sarautar Almasihu ba ta ba ka izinin raina sarakunan ƙasa. Bulus cewa ya yi mu yi musu addu'a (1 Timoti 2:1-2).

Bayan tashinsa daga matattu ya ce an ba shi dukan iko a sama da ƙasa. Zabura 110 ta nuna shi zaune a hannun dama na Allah. Wato ba jiran naɗi yake yi ba, yana mulki yanzu. Abin da ya rage shi ne ranar da zai dawo, kowace gwiwa ta rusuna, mai so da marar so. Na kan yaba wa 'yan'uwanmu 'yan Katolika a nan: tun 1925 suka keɓe Lahadi guda a shekara ta Kiristi Sarki, har sukan fito tituna da jerin gwano.

To wane irin sarki ne? Buɗe Zabura 72. Shi ne mai ceton matalauci in ya yi kuka, mai jin ƙan wanda ba shi da mataimaki, jinin talaka kuma abu ne mai daraja a idonsa. In haka Sarkin yake, to a nan ake gane wanda ya yi mubaya'a. Kai mai awon hatsi, mudu nawa gare ka, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa? Kai da ɗan'uwanka ya rasu, ina gonar matarsa da marayunsa? Ke 'yar Zumuntar Matan ikkilisiya da kike gaba wajen waƙa, yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye tana zuwa makaranta kuwa, ko sai wanke-wanke? Dattawan ikkilisiya, kujerar gaba ta wa kuke ajiyewa? Ya yi tambayar da kansa a Luka 6:46: don me kuke ce mini Ubangiji, Ubangiji, ba kwa kuwa yin abin da na faɗa?

Ba daga kan tudu nake wannan magana ba. Kakar bana na ɗauki samari biyu suka taya ni roron wake. Da aka gama, farashi bai yi mini ba, na ƙi sayarwa, na ce su dawo ranar kasuwa. Suka dawo, na ce wani makon. Har sau uku. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, kuma ina da shi, kawai ban so in taɓa ajiya ba. Shekaranjiya bayan addu'ar safe, na gama jan waƙa da babbar murya, sai uwargida ta ce, "Maigida, Sarkin nan da kake yi wa waƙa, ba shi ne ya ce kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka ba?" Littafin Firistoci 19:13. Na so in ce ai yaran sun san ba zan cinye musu ba. Bakina ya ƙi buɗuwa. Wanda aka ce kada ya kwana, a hannuna ya yi kwana 20 da ɗoriya.

Ɗaya na same shi jiya a tasha na ba shi nasa, na kuma roƙe shi gafara, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ɗayan an ce ya tafi wajen Kumo, sai ran Juma'a zai dawo. Kuɗinsa na nan cikin ambulan, na sa a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, daidai Zabura 72.