Fitilar bakin titi da lambar 311

Makon jiya iska ta karya reshen bishiya, ya faɗa kan fitilar da ke wurin jiran bas a layinmu, nan Misisaga, gefen Toronto a Kanada. Kwana huɗu ina fita da asuba cikin duhu, in tsallake reshen in wuce aiki. Rana ta biyar maƙwabciyata, wata tsohuwa mai yawo da ɗan karenta, ta ce min, "Ka kira su kuwa?" Na ce su wa? Ta dube ni kamar na ce ban san sunana ba.

A gabana ta danna 311. Lambar hukumar gari ce, ta ramin titi, shara, fitila, ƙanƙarar da ta toshe hanya. Suka ba ta lambar ƙorafi, ta rubuta a bayan wani rasit. Kafin Juma'a an kwashe reshen, fitila ta kama.

Wallahi abin ya sosa min rai. Shekara shida ina garin nan, tunanin kira ko sau ɗaya bai zo min ba. A unguwar Mabera ta Sakkwato na tashi. Duk damina ruwa ya cinye layi, sai mu naɗe wando mu ce Allah Ya kawo sauƙi. In ta yi tsanani a nemi wanda ya san wani. Kansilanmu kuwa sai dai a gan shi a fosta.

Nan bas na da lamba da jadawali, wayarka na nuna maka saura minti nawa ya iso. Ka ɗora Presto, katin biyan kuɗin mota, a na'ura ta yi ƙara, ka zauna, babu ciniki, babu neman canji. In an zo mai keken guragu, direba ya sauke masa gangaren hawa, kowa ya jira. Zaman majalisar gari ma kowa na iya shiga ya yi magana. Dalili ba ɓoyayye ba ne: harajin gida da mutane ke biya shi ke tafiyar da garin, wanda ya biya kuwa ba ya jin kunyar tambaya.

Kar a ce ina zagin gida. Su ma suna da nasu. In bas ya wuce ka cikin sanyin Janairu za ka gane kurenka. Amma tun Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihar Sakkwato na da guda 23. Wa ya taɓa zuwa sakatariya ya ce a nuna masa lissafi? Ni dai ban taɓa ba, bare in ga laifin wani.

Abin da 311 ba za ta yi min ba, ɗan kabu-kabun unguwarmu a Mabera na yi. Shi ke kai Inna asibiti duk wata, ya jira ta a gindin dogonyaro, ya maido ta har zaure, kuɗi sai na turo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake jin nauyin ce min ya ƙara. Tsohuwar nan mai kare kuwa shekara shida muna gaisawa, sai ranar reshen na san ita kaɗai take kwana a gidan. Daren nan na kira Inna, ta ce an ɗauke wuta, tana waje kan tabarma.