Auduga da sifirit nawa suke?

Kun dai ji halin da yaron nan na layinmu a Gangare, Jos, yake ciki, yana kwance a asibiti da ciwon zuciya bayan wani mai kemis ya ɗaura masa ruwa a gida, amma har yanzu wasu na cewa a ƙyale mai kemis, wai taimako ya yi. Wallahi raina ya ɓaci. Ina tsaye a tsakar gidan ya zo ɗaura ruwa. Ya murza bayan hannun yaron da babban yatsa, ya soka kanula (ƴar robar da ake bari a jijiya don ɗaura ruwa), ba auduga, ba sifirit, ko hannu bai wanke ba. Kwana 6 kanular nan tana hannu, filastar ta yi baƙi ƙirin.

Jama'a, a goge fata kafin a huda ta! A jikin kowannenmu akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune lafiya a kan fata, irin su Staphylococcus epidermidis, ba ruwansu da kowa muddin suna waje. Ranar da allura ta tura su cikin jini sai su nemi wurin mannewa: roba, ƙofar zuciya ta aiki da aka dasa wa mutum, ko wadda ta riga ta yi tabo. Yaron nan kuwa tun yana firamare ciwon maƙogwaro ya taɓa masa zuciya, kuma uwarsa ta faɗa wa mai kemis. In suka manne sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, magani da ƙyar yake ratsa shi. Wannan ciwo na ƙofar zuciya shi ne endocarditis da likita ya ce yaron yana da shi.

Wata guda yana zazzaɓi da gumin dare, yana ramewa, ana ɗirka masa maganin taifod da maleriya. Sai da aka yi hoton zuciya aka gano. Yanzu sati 6 zai yi ana ba shi magani ta jijiya, kuma ana maganar tiyata.

Wani ya ce mini ai ba tabbas daga kanular ne. To, don babu tabbas sai a ƙi gogewa? Wani ya ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma auduga da sifirit nawa suke? Masu wankin ƙoda, ku ma robar wuyan nan kada a taɓa muku ita da hannun da ba a wanke ba.

Uwar yaron a kan tabarma take kwana a barandar asibiti, ga sanyin Jos ya shigo da ƙarfinsa. Mai bargon da ba ya amfani da shi ya yi mini magana, gobe bayan Azahar zan leƙa su.