Jarrabawar Army Alpha ba basirar haihuwa ta auna ba

Har yanzu wasu na ɗauka cewa Army Alpha, jarrabawar da rundunar sojan Amurka ta yi wa kurata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta auna basirar da aka haifi mutum da ita. Ba haka ba ne.

Robert Yerkes da wasu masana halayyar ɗan Adam suka tsara ta a 1917, don a tantance sababbin sojoji cikin gaggawa. An gwada sama da mutum miliyan 1.7. Alpha ta masu iya karatu da Turanci ce, wanda bai iya ba sai a ba shi wata jarrabawar mai hotuna da ake kira Beta.

Amma a duba tambayoyin kansu. Wata na tambayar mene ne Crisco: magani, man goge baki, ko kayan abinci? Amsar ita ce kayan abinci, domin man girki ne da ake talla a jaridun Amurka. Saurayin da ya sauka daga Italiya bara waccan, a ina zai san wannan? Abin da aka gwada shi ne zurfin karatunsa da sabawarsa da rayuwar Amurkawa. Shi ya sa baƙin da suka daɗe a ƙasar suka fi sababbin zuwa maki.

Abin takaici, a 1923 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Carl Brigham ya kafa hujja da wannan sakamakon ya ce wasu jinsunan sun fi wasu ƙwaƙwalwa, maganar ta kuma karɓu sosai. A 1930 shi da kansa ya fito ya janye, ya ce kwatancen ba shi da tushe.